Ɓoye Ciwo Ba Ya Cikin Kunyar Da Addini Ya Yaba: Jawabi Ga Dattawan Ka'oje

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani ɗan uwa malamin asibiti, wanda ya daɗe yana aiki a ƙasar Gwandu, ya gabatar a garin Ka'oje da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. An yi zaman ne bayan sallar La'asar, da dattawa maza da manyan 'ya'yansu. Mahalarta sun haɗa da mutanen cikin gari da na rugage da ƙauyukan da ke kan hanyar Tsamiya, bakin iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Benin. An yi jawabin da Hausa, ana fassarawa da Fulatanci. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), Malamin ya fara da neman afuwar dattawan. Ya ce ya san ba tarbiyya ba ce yaro ya tsaya gaban iyayensa yana ambaton abin da riga ta rufe. Amma abin da yake gani a bakin aiki ne ya tilasta masa. Ya ce sai a kawo tsoho asibiti a kwance, bayan ya shekara biyu ko uku yana fama da ciwon da, da an kawo shi tun farko, ƙwayar magani kaɗai za ta isar masa. In aka tambayi 'ya'yan sai su rantse ba su sani ba, Baba bai taɓa faɗa ba. Ya ce kuma gaskiya suka faɗa, bai faɗa ɗin ba.

Ya ce akwai wata alama da kowa ke gani a masallatanmu, amma ba a tsayawa a fahimce ta. Dattijon da aka sani a sahun farko shekara 30, sai a ga ya koma sahun baya kusa da ƙofa. Bayan 'yan watanni sai a daina ganinsa a Asuba da Isha'i. Daga nan Juma'a ma sai ya ce ƙafa ce ta hana shi. Ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, ya daina zama a majalisa, kasuwa ma sai aike. Jama'a su ce ai tsufa ne. A cewar Malamin, sau da yawa fitsari ne. Bawan Allah yana tsoron kada ya kubce masa a tsakiyar sahu, ko na kusa da shi ya ji wari a tufafinsa, sai ya zaɓi ya janye jikinsa a hankali ba tare da kowa ya sani ba.

Daga nan sai ya shiga maganar kunya. Ya ce kunya ado ce, kuma mutanen wannan ƙasa, musamman Fulani da fulakonsu, an san su da kawaici da jure wahala ba tare da raki ba. Ya ce babu mai neman a zubar da wannan. Sai dai kunyar da addini ya yaba ita ce wadda ke hana mutum aikata mummuna. Wadda ke hana shi tambayar hukuncin tsarkinsa, ko nuna wa likita ciwonsa, malamai ba su taɓa ƙidaya ta a cikin kyawawan ɗabi'u ba.

Ya kawo misali da magabata na wannan ƙasa. Ya ce Ka'oje a ƙarƙashin masarautar Gwandu take, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta lafiyar jiki a wuri guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da littafi sukutum a kan ciwon basir, da wani a kan ciwon ido. Malamin ya ce to in Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki alƙalami ya yi bayanin basir don jama'a su amfana, wa ya fi shi kunya da zai ce shi ba ya iya ambaton ciwonsa? Ya ce Hausawa sun gama magana da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da ya juya kan ainihin ciwon, Malamin ya ce a jikin kowane namiji akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara, girmanta kamar ƙaramin goro, likitoci suna kiranta furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. Idan namiji ya haura shekara 40 sai ta fara girma a hankali, kamar yadda furfura ke fitowa, ba tare da ya yi wani laifi ba. Ya ce binciken likitoci ya nuna cewa kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 tasu ta kumbura, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa abin ya kai 8 ko 9 cikin 10. Ba duka ne take damu ba. Amma in ta girma ta ciki sai ta matse hanyar, kamar yadda za a taka tiyon ban ruwa a fadama.

Ya lissafa alamomin, ya roƙi kowa ya auna kansa a zuci. Tashi fitsari sau uku ko huɗu ko fiye a dare. Tsugunawa a daɗe kafin ya fito. Fitowa a raunane, yana yankewa yana dawowa. Gamawa amma a ji kamar da saura. Ɗiga bayan an yi tsarki an miƙe. Matsuwa ta gaggawa wadda ba ta bari a kai bayan gida. Ya ce wannan ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba ne, ko da yake tsohon ciwon sanyi da aka sha a ƙuruciya ba a yi masa magani sosai ba yana iya ƙuntata hanyar fitsari ya kawo irin waɗannan alamomi. Likita ne zai rarrabe.

Malamin ya ce haɗarin abin iri biyu ne. Na farko shi ne ranar da hanyar za ta toshe baki ɗaya. Mara ta kumbura ta yi tauri, mutum yana gumi yana murƙususu, ɗigo ɗaya ya ƙi fita. Ya ce wannan ba ya jiran gari ya waye, ba ya jiran a gwada jiƙo. A ɗauke shi a kai asibitin gwamnati mafi kusa, na nan Ka'oje ko na Bagudo, a sa masa robar fitsari, nan take zai samu sauƙi. Ya ja hankali cewa wasu magungunan mura masu sa barci, da tiramadol, suna iya jawo wannan toshewa ga mai kumburarriyar furostet, don haka kada tsoho ya sha su kai tsaye daga kemis.

Na biyu kuwa ya fi ɓoyuwa. Mafitsara ba ta juye duk abin da ke cikinta, kullum da saura. Sauran nan ya zama matattarar ƙwayoyin cuta da tsakuwa, ya riƙa komawa baya yana danne ƙoda shekara da shekaru, ba tare da wani zafi mai yawa ba. Ran da za a farga ƙafafu sun kumbura, abinci ya fita rai, ƙodar ta gaza. Ya ce a nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuma kowa ya san garken shanu ma ba ya jure wannan kashe kuɗi.

Game da magani, ya ce akwai ƙwayoyin da ke sassauta hanyar fitsari cikin 'yan kwanaki, akwai kuma masu rage girman tsokar cikin watanni. Da yawa wannan ya ishe su. Wanda bai isar masa ba sai a yi masa aiki, wani ta mara, wani ta hanyar fitsarin ba tare da an tsaga ciki ba. Ya ambaci Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai cibiya ta musamman ta cututtukan mafitsara da ƙoda.

A nan sai ya ce bari ya faɗi abin da ke korar dattawa daga asibiti tun kafin su je su tarar da shi. Don a san halin da furostet ke ciki, likita yakan sa safar hannu ya taɓa ta da yatsa ta dubura. Abin bai kai minti ɗaya ba. Ya ce dattijo yana da haƙƙin ya nemi namiji ne zai duba shi, a ja labule, a fitar da kowa har ɗansa. Kuma malamai sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon lalura. Bayan wannan akwai gwajin jini da ake kira PSA, da hoton ciki.

Ya ce dalilin dagewa a kan gwajin shi ne, ban da kumburi na tsufa, akwai sankara da ke kama wannan tsoka. Ita ce a rediyo ake ce wa sankarar mafitsara, ko da yake ba a mafitsarar take ba. Ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma ƙididdigar cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da mutum 15,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan a shekarar 2020 kaɗai. Ta fi yawa a cikin baƙar fata, ta fi kuma bin gidan da uba ko wa ya taɓa yi. A farkonta ba ta ciwo. In aka bari sai ta shiga ƙashi, tsoho ya kama kukan baya da ƙugu ana ta yi masa tausa da ƙaho. Ya shawarci duk wanda ya kai shekara 45 zuwa 50 ya yi magana da likita a kan gwajin. Ya ƙara da cewa in PSA ya hau ba lallai sankara ba ce, kada a yanke wa kai hukunci kafin likita ya gama bincikensa.

Daga nan sai ya taɓo abin da ya shafi mutanen bakin kogi. Ya ce duk wanda ya tashi a gefen Kwara, ko ya yi kamun kifi, ko noman shinkafa a fadama, ko ya shayar da shanu a tafki, ya san tsargiya. Da yawa a ƙuruciya an ɗauki fitsarin jini kamar alamar balaga. Alhali tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Tun 1994 cibiyar binciken sankara ta duniya ta sa wannan tsutsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma likitocin Sakkwato sun daɗe suna ba da rahoton alaƙarta da sankarar da ke kama ita kanta mafitsara a wannan yanki. Don haka ya ce jini a fitsarin dattijo, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya ɗauke da kansa, kada a ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa. A je a duba.

Sai ya koma kan masallaci. Ya ce mai yoyon fitsari bai fita daga cikin masu salla ba. Malaman fiƙihu na kowace mazhaba sun yi wa lalurarsa babi, sun sauƙaƙa masa. Ko Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ambace shi, ta nuna an so ya sabunta alwala a kowace salla. Ya ce tafsilin hukuncin na malamai ne, kowa ya je ya tambayi nasa a keɓe. Abin da shi zai ƙara shi ne, a tanadi ƙyalle mai tsabta ko ƙunzugun manya da ake sayarwa, da wando na musamman don salla, a rage shan ruwa da shayi bayan Magariba, a sha isasshe da rana. Ya roƙi limamai su riƙa karanta wannan babi a fili lokaci-lokaci, don wanda ba zai iya tambaya ba ya ji amsarsa daga inda yake zaune.

Malamin ya ce a ƙarƙashin rigar nan dai akwai gwaiwa da ƙaba. Babbar riga tana rufe su shekara 10, har mutum ya kasa hawa keke ko durƙusawa a gona. Duka biyun aikin asibiti yana raba mutum da su. Ya yi gargaɗi a kan ƙaba musamman: ranar da kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi zafi, ga amai, to hanji ne ya maƙale, kuma awoyi kaɗan ne tsakaninsa da ruɓewa. Ya ce daga nan zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta awoyi, sai an haye Kwara, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2020 sun san yadda hanya ke zama da damina. Gara a yi aikin da rani, mutum na tafiya da ƙafarsa, da a neme shi da tsakar dare cikin ruwan sama.

Da ya zo kan hawan jini, ya ce shi wannan ba ma sai an ɓoye shi ba, shi ke ɓoye kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna babba ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Ba a gane shi da ciwon kai ko jiri, sai da awo. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a ranaku daban-daban, to akwai shi. Kuskuren da ya fi yawa, in ji shi, shi ne a sha magani wata ɗaya, a ji daidai, a ajiye. Maganin riƙe jinin yake yi, in an sake shi ya koma. Ya ce gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, wato giram 5, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna cikin lissafin. Ya ce in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. A yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti.

Ya kuma taɓo, cikin ladabi, raunin da ke samun namiji wajen iyali. Ya ce sau da yawa wannan shi ne saƙon farko da ciwon suga ko hawan jini ke aikowa, domin ƙananan jijiyoyin jini su ke fara lalacewa. Maimakon a auna suga da jini sai a nufi mai kwalabe a kasuwa. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe na ƙarfin maza, wasunsu ana zuba musu maganin bature a ɓoye ba tare da awo ba. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, haɗuwar biyun tana iya faɗar da jini lokaci guda, a wayi gari ana salati.

Wannan ya kai shi ga maganar magungunan bakin iyaka. Ya ce mutanen Ka'oje da na Segbana da Kandi dangi ne, kasuwa ɗaya ake ci, kuma magani yana ƙetarowa ta kowane ɓangare a bayan babur, cikin rana da ƙura. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A shekarar ce kuma gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar magunguna ta Adjegounle da ke Kwatano, ta kwashe tan-tan na irin wannan kaya. Ya ce ko maganin na gaskiya ne, ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da tsofaffi ke sha kullum don gwiwa da baya suna cin ƙoda, suna gyambon ciki, suna hau da jini.

Ya ce wanda ya ga ya fi masa sauƙi ya je asibiti a tsallaken iyaka babu laifi, ko da yake tun faɗuwar Naira a 2023 kuɗin sefa ya yi wa mutanenmu nauyi. Abin lura shi ne takardar can da Faransanci take, kuma magani ɗaya yakan zo da suna daban a kowace ƙasa. Sai tsoho ya haɗa na can da na nan yana sha, bai san abu ɗaya yake ninkawa ba. Ya ce a samu jaka guda a zuba duk takardu da kwalayen magani, a tafi da ita duk inda za a ga likita.

A kan ido, Malamin ya ce binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 nasu. Aikin yana ba ya cin awa guda, a cire ta a sa sabon gilashi a cikin idon. Ya yi kashedi da masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar da tsinke, domin binciken ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka ba sa gani. Ya ce dattijon da ya daina buɗe Alƙur'aninsa, ko yake tuntuɓe a tsakar gidan da ya gina da hannunsa, a kai shi a duba idon kafin ya faɗi ya karya ƙugu.

Sai ya ce lafiyar tsoho ba a asibiti kaɗai take ba. Ya tambayi 'ya'yan ko akwai wanda ya lura da abin da ke saura a kwanon mahaifinsa. Haƙora sun zube, tuwo da nama sun gagara, shi kuma ba zai ce a sake masa wani ba, sai ya tura wa jikoki ya ce ya ƙoshi. Da haka tsoka ke zubewa, ƙafa ta kasa ɗaukar jiki. Ya ce Allah ya hore wa wannan ƙasa nono da kifi da wake da ƙwai da zogale, duk masu taushi ne, a riƙa sa masa su kullum. Kuma kada a hana shi motsi da sunan hutu. Tafiya masallaci da zagaya gona da duba dabbobi su ke riƙe masa ƙarfinsa.

Ya ce akwai kuma ciwon da ba a aunawa da na'ura. Samari sun tafi ci-rani, abokan zama sun riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya, wani matarsa ta rasu, wani an kore masa shanun da ya yi rayuwarsa a bayansu. Sai a ga mutum ya yi shiru, barci ya ƙaurace, abinci ya fita kansa. Ya ce wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma rabin maganin yana hannun iyali. A riƙa shawara da shi a kan iri da aure da rabon gona, a bar masa wani abu da shi ke yanke hukuncinsa. Ya ce aika kuɗi ta waya alheri ne, amma bai ɗauke wa ɗa zama a gaban mahaifinsa ba.

To wa zai tambayi tsoho abin da ke damunsa? Malamin ya ce a nan al'ada ta ɗaure, kuma ita ce ta kwance. Ɗan fari, wanda yawanci shi ke riƙe da gida, shi ne wanda uba ya fi jin nauyinsa, wani ko sunansa ba ya kira. In ya durƙusa ya ce, Baba, me ke damunku, amsar ita ce lafiya lau. Amma akwai jika, wanda wasa ya halatta masa abin da ubansa ba ya iyawa. Akwai taubashi, akwai aboki na ƙuruciya, akwai wanzamin da ya shekara 20 yana yi masa aski, akwai liman. Uwargida kuma ita ta san sau nawa yake tashi da dare, ita ke wanke tufafin. Ya ce ɗa mai hankali ta waɗannan ƙofofi yake bi, ya shirya mota da kuɗi, ya bar wa wanda bakinsa ya fi sauƙi ya yi maganar.

Game da kuɗi, ya shawarci kowane gida ya ware wani abu tun da kaka, buhun shinkafa ko ɗan akuya, da sunan lafiyar tsofaffi, kafin biki da sauran hidimomi su cinye. Ya ce hukuma ma akwai haƙƙi a kanta. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, an amince da manufar ƙasa kan tsofaffi a 2021, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni wanda ta ambaci tsofaffi a ciki. Jihar Kebbi tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato KECHEMA. Ya ce doka a takarda ba ta sauke wa kowa fitsari. Sai masu ilimi daga cikin 'ya'yan gari sun je sun tambaya, sun yi wa iyayensu rajista, sun kuma matsa wa wakilansu a kan a kawo ma'aikata da kayan gwaji kusa, maimakon a riƙa jan tsoho har Sakkwato don gwajin jini guda.

Ya ba jama'ar kowane masallaci shawarar su yi karo-karo su sayi na'urar awon jini ta batir, a koya wa samari biyu, a riƙa auna dattawa sau ɗaya a wata ana rubutawa a littafi. A gyara makewayi kusa da masallaci, a sa fitila da abin dafawa. A ajiye kujeru biyu ko uku a gefen sahu don masu ciwon gwiwa. Kuma duk dattijon da aka kwana uku ba a gan shi a jam'i ba, a tura sa'ansa ya je ya gaishe shi, su keɓe.

A lokacin tambayoyi, wani dattijo ya tambaya ta bakin mai fassara ko gaskiya ne wanda aka yi wa aikin furostet ya rabu da iyali ke nan. Malamin ya ce a aikin kumburi na tsufa mafi yawa suna ci gaba da zaman aurensu, sai dai sau da yawa maniyyi yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, wanda ba ya cutarwa amma yana rage haihuwa. Aikin sankara kuwa ya fi taɓa wannan fanni. Ya ce haƙƙin mutum ne ya tambayi likita wannan ƙarara kafin ya sa hannu.

Wani kuma ya yi tambaya a kan azumi ga mai ciwon suga da mai ciwon ƙoda. Ya amsa da cewa a ga likita wata guda kafin Ramadan, domin wasu ana iya canza musu lokacin shan magani su yi azuminsu lafiya, wasu kuwa azumin haɗari ne a gare su. Shari'a ta yi wa tsohon da ba ya iyawa da majinyaci rangwame, malamai za su yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa. Ya ce karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne.

A ƙarshe Malamin ya sake neman gafarar dattawan a kan duk kalmar da ta yi nauyi a kunnensu. Ya roƙi Allah (T) ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa tsufan iyayenmu ya zama cikin sutura da ibada, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba 'ya'ya ikon sauke haƙƙin da ke wuyansu. Limamin unguwa ne ya rufe zaman da addu'a gab da kiran sallar Magariba.